Bayan sauya Windows, a sake duba ajiyar fayiloli

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini domin in ja hankalin 'yan'uwana Hausawa mazauna Saudiyya, musamman ɗaliban da ke rubuta risalar digiri a Madina da Makka da kuma 'yan kasuwarmu na Jidda, kan wani abu da ke iya cinye aikin shekaru ba tare da an ankara ba.

Tun da kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba, 2025, jama'a ke ta komawa Windows 11 a kwamfutocinsu na tafi-da-gidanka, kuma hakan daidai ne. Abin da ke damuna shi ne yadda mutane ke ɗauka cewa tsarin da suka yi na ajiye kwafin fayilolinsu yana nan yadda suka bar shi, alhali sauyin yakan taɓa shi ta inda ba su zata ba.

Wajen saita sabuwar manhajar akan nemi mutum ya shiga da asusun Microsoft, kuma sau da yawa daga nan ne foldojin Desktop da Documents da Pictures ke komawa ƙarƙashin OneDrive, ma'ajiyar fayiloli ta Microsoft a intanet. Sai mutum ya saki jiki, yana ganin komai nasa ya hau intanet. To amma wurin da ake bayarwa kyauta gigabait 5 ne kacal, kuma ɗalibin da ya tara littattafan PDF da karatuttukan da ya naɗa a Masallacin Annabi ba zai daɗe bai cika shi ba. Idan ya cika, sabon babin da ya rubuta jiya ba zai hau ba. Ga shi kuma OneDrive madubi ne kawai: abin da ka goge a kwamfutarka zai gogu a can, sai dai ka cim masa a kwandon shara kafin kwana 30 su wuce. Fayil ɗin da ke ɗauke da alamar gajimare kuwa ba ya cikin kwamfutar, sunansa kawai kake gani, don haka File History, wadda mutane da dama ke dogaro da ita wajen kwafe aiki zuwa faifan waje, ba za ta ɗauke shi ba.

Wasu kan kwantar da hankali da foldar Windows.old, wadda ke riƙe da tsohon tsarin. Ita ma kwamfutar da kanta take share ta bayan kwana 10.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne makullin BitLocker, tsarin Windows da ke kulle bayanan da ke cikin faifan kwamfuta. Daga fitowar 24H2 ta Windows 11, kwamfutar da aka yi wa sabon zubi aka kuma shiga da asusun Microsoft takan kulle faifanta da kanta, ta tura mabuɗi mai lamba 48 zuwa wannan asusun. A nan ƙasar, da yawanmu mai shago ne ya buɗe mana asusun cikin gaggawa, wani lokaci da imel ɗin da ba mu riƙe ba, ko da layin wayar da aka yi wa rajista da iƙama, wanda zai iya mutuwa bayan mutum ya kammala karatu ya koma gida. Ranar da kwamfutar ta nemi mabuɗin a Kano ko Maraɗi, babu mai gyaran da zai iya buɗe faifan idan ba a same shi ba.

Masu Mac, kwamfutar kamfanin Apple, ma ba su tsira ba, domin tun fitowar manhajar Big Sur ta 2020 Time Machine, wadda ke kwafe fayilolinsu zuwa faifan waje, ke shirya sababbin faifai da wani sabon tsari mai suna APFS, kuma tsohuwar manhaja ba ta iya dawo da abin da aka ajiye a kansu.

Roƙona ga 'yan'uwa shi ne kafin a sauya manhaja a kwafe komai da hannu zuwa faifan waje, a zare shi a ajiye. Bayan an sauya, a jona faifan, a duba kwanan watan kwafi na ƙarshe, sannan a gwada dawo da fayil guda a buɗe shi a gani. Mabuɗin BitLocker kuma a rubuta shi a takarda a haɗa da fasfo. Masu shagunan gyara, don Allah ku riƙa miƙa wa mai kaya sunan asusunsa da kalmar sirrinsa kafin ya bar shagonku.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarka ɗaukaka.

Naka,
Wani ɗalibi daga Madina