A Bar wa Ɗalibai Ciyawar da Za Su Ƙirga

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a jaridarka domin in ja hankalin shugabannin makarantun sakandare da ma'aikatun ilimi na jihohinmu kan wani darasi na Bayoloji da muke koyarwa a kan allo, alhali wurinsa na bayan aji, wato kimanta yawan tsirrai da ƙananan halittu ta hanyar ɗaukar samfuri. Darasin yana cikin manhajar babbar sakandare, WAEC da NECO kuma suna tambaya a kansa, amma ɗalibai da yawa sukan gama makaranta ba su taɓa durƙusawa sun ƙirga ko tafasa ɗaya ba.

Uzurin da aka saba bayarwa shi ne rashin kayan aiki, kuma a wasu darussan uzuri ne karɓaɓɓe, amma ban da wannan. Abin da ake buƙata firam ne mai kusurwa huɗu, mita ɗaya tsawo mita ɗaya faɗi, wanda kowane kafinta zai haɗa da ragowar katako, ko ɗalibai su ɗaure da kara da igiya. Idan fili ya kai mita 50 tsawo da mita 40 faɗi, ya zama murabba'in mita 2,000 ke nan. Sai a aza firam ɗin a wurare ashirin, a ƙirga tafasar da ta faɗo cikinsa kowane karo, a fitar da matsakaici. In matsakaicin ya zo shida, an kimanta cewa filin na ɗauke da tafasa kusan 12,000. Lissafin ba wuya. Inda ilimin yake shi ne zaɓen wuraren da za a aza firam ɗin, domin idan aka bar yaro da son ransa, wurin da ya fi kore zai nufa, ya kauce wa ƙarangiya da tsidau saboda ƙaya, sakamakon kuma ya fito da ƙarya. Shi ya sa ake auna gefuna biyu na filin, a rubuta lambobi a 'yan takardu, a ja ƙuri'a, duk inda lambobin suka nuna nan za a aza, ko da tsakiyar ƙaya ne. A ganina, yaron da ya fahimci dalilin wannan ƙuri'a ya samu abin da ya fi makin jarrabawa, domin nan gaba ba zai yarda da kowane adadi ba sai ya tambayi yadda aka samo shi.

Ciyayi masu yaɗo, irin su kiri-kiri, ba sa ƙirguwa ɗai-ɗai, sai a kimanta kashi nawa cikin ɗari na firam ɗin suka rufe. Ana kuma iya miƙa igiya daga gindin darbejiya zuwa filin ƙwallo, a rubuta abin da ya tsiro duk bayan mita biyu, ɗalibai su gani da idonsu yadda inuwa da takun ƙafa ke sauya tsiro.

Halittu masu motsi dabararsu daban. A kama fara 40, a ɗiga wa kowace ɗan jan farce a baya, a sake su inda aka kamo su. Washegari a sake kamu. Idan an samu 50, kuma 10 daga ciki na da alama, sai a ninka 40 sau 50 a raba da 10, a samu 200. Wannan ita ce dabarar da wani masanin tsuntsaye ɗan Amurka, Frederick Lincoln, ya bayyana a 1930 wajen kimanta yawan agwagin daji. Sai malami ya tambayi aji: in alamar ta goge fa, ko ta sa tsuntsu ya fi saurin ganin farar, ko wasu fari suka shigo daga gonar maƙwabta cikin dare? Su kuwa masu yawo a ƙasa, kamar gyare da buzuzu da ƙadandoniya, gwangwanin madara da aka binne bakinsa daidai da ƙasa ya isa, da sharaɗin malami ne zai fara leƙa shi da safe saboda kunama, a kuma saki abin da aka kama bayan ƙirga.

Kada a ɗauka wasan yara ne. Da irin wannan hanya malaman gona ke duba gonar masara, su zaɓi wasu shuke-shuke su ƙirga waɗanda tsutsa ta ci kafin su ce a yi feshi, musamman tun daga 2016 da aka fara ganin tsutsar nan mai cin masara a Afirka, a nan Najeriya. Haka ake auna yawan wuta-wuta a gonar dawa.

Babban abin da ke kashe darasin nan al'ada ce tamu. Zangon farko yana farawa a watan Satumba, ƙarshen damina, lokacin da harabar makaranta ta cika da tafasa da rai-ɗore da kyasuwa da fari, amma a makon farko sai a umarci kowane ɗalibi ya zo da fartanya, a kankare filin tas. Ranar da malami ya iso babin a jadawali, sau da yawa hunturu ya shiga, babu abin da ya rage sai tumfafiya da ƙura. Na san tsoron maciji da sauro ne ke sa a yi noman, kuma tsoro ne mai tushe, don haka a nome kewayen azuzuwa da ɗakunan kwana.

Roƙona ga shugabannin makarantu shi ne su keɓe wani yanki nesa da gine-gine, ko da mita 20 ne kowane gefe, a bar shi har ƙarshen Oktoba. Masu tsara jadawalin darussa kuma su dawo da wannan babi makonnin farko na zangon, a ajiye sakamakon kowace shekara a littafi guda a ofishin sashen kimiyya, domin 'yan ajin baɗi su kwatanta nasu da na bana.

Naka,
Wani malamin Bayoloji,
Zariya, Jihar Kaduna.