Gadon gona da gadon mutum: wasiƙa daga Tawa

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da aiki, kai da dukan ma'aikatan jaridarka, ina kuma roƙon ka ba ni fili.

Tun da Tarayyar Afirka ta ware shekarar 2025 don maganar diyyar bauta da mulkin mallaka, zancen ya shiga bakin kowa a nan Tawa, daga fadar samari masu shayi har ƙofar masallaci. Ina tare da masu neman diyyar, ba ni da ja a kai. Abin da ya dame ni shi ne duk hirar ta tsaya kan jirgin ruwa da sarƙa da bulala, alhali abin da ya raya bauta tsara bayan tsara yana cikin takardar rabon gado. Na koyar da tarihi har na aje alli, yanzu kuma saboda ina karanta faransanci da boko da ajami, mutane kan kira ni in riƙe musu alƙalami ranar da za a raba dukiyar mamaci. Na san nauyin layi guda da aka rubuta a irin wannan rana.

A shekarar 1685 sarkin Faransa Luwi na 14 ya fitar da dokar bayi da ake kira Code Noir, don tsibiran da Faransawa ke noman rake kamar Martinik da Gwadalup. Sashe na 44 ya sa bawa cikin dukiyar da ake ɗauka a kai wani wuri, ya ce a raba shi daidai tsakanin magada. Dokar ta ce ɗa yana bin matsayin uwarsa, ko da ubansa ba bawa ba ne, kuma ubangijin uwar ke da abin da ta haifa. Sashe na 47 ya hana a raba miji da mata da ƙananan ƴaƴansu wurin sayarwa idan ubangijinsu ɗaya ne, amma da yaro ya balaga kariyar ta ƙare. Sashe na 48 kuwa ya hana mai bin bashi ya kama bayin da ke aiki a gandun rake ko na baba, masu shekara 14 zuwa 60, sai fa in kuɗin sayensu ake bi ko kuma an kama gandun gaba ɗaya. Duk wanda ya karanta waɗannan sassa biyu a jere zai ga inda hankalin mai dokar yake: kada gandu ya rasa hannun noma.

Turawan Ingila da ke Bajiniya, a ƙasar da ta zama Amurka, sun riga su. Tun 1662 suka rubuta cewa ɗan baiwa bawa ne, abin da ya saɓa wa al'adarsu ta gida inda ɗa ke bin uba. A 1705 suka sake doka suka lissafa bayi cikin dukiyar ƙasa wajen gado, don gona da masu nome ta su tafi hannun magaji tare.

Bari in ɗauki gida guda, domin a nan ne abin yake fitowa fili. Joji Washintan, shugaban Amurka na farko, yana ɗan shekara 11 ubansa ya rasu a 1743, ya gaji bayi 10. A 1759 ya auri Marta, wadda mijinta na farko, wani attajiri daga gidan Kustis, ya mutu bai bar wasiyya ba. Doka ta ba ta cin moriyar sulusin bayin mamacin muddin ranta, mutum 84, amma asalin mallakarsu na magadan Kustis ne. Aka haɗa su wuri ɗaya da bayin Washintan. Shekara arba'in suna noma tare, suna auratayya, suna haihuwa. Da Washintan ya rasu a 1799 akwai bayi 317 a gandunsa: 123 nasa ne, 153 na gidan Kustis, sauran haya ya ɗauko su. Ya bar wasiyya a ƴanta nasa bayan mutuwar matarsa, ita kuma ba ta jira ba, ta sake su a farkon 1801. Amurkawa suna yabonsa a kan wannan, kuma ban hana ba. To amma sauran 153 ɗin fa? Ba shi da ikon ƴanta su. Marta ta rasu a 1802, aka raba su tsakanin jikokinta huɗu. Mutum ya wayi gari shi ɗa ne, matarsa ta faɗa kason wannan jika, ƴarsa da ta girma ta faɗa kason wancan. Ba a kawo ɗan kasuwa ba, ba a buga ƙararrawar gwanjo ba. Magada ne suka zauna suka yi lissafi cikin ladabi, aka watsa gidaje.

Tomas Jefason, wanda ya rubuta cewa an halicci mutane duka daidai, ya sami bayi 135 da eka 11,000 ta hannun matarsa lokacin da surukinsa ya mutu a 1773. Cikin waɗanda aka gada har da wata jaririya, Sali Hemings, wadda yawancin masana tarihi suka yarda ƴar surukin ce da ya haifa da baiwarsa. Wato matar Jefason ta gaji ƙanwarta uba ɗaya. Jefason ya mutu a 1826 da bashin da ya haura dala 100,000, ya ƴanta mutum biyar kacal a wasiyyarsa, kuma a watan Janairun 1827 aka sa mutum 130 a gwanjo don biyan bashin. Shi ya sa bayi a waɗannan gandaye suke tsoron ranar mutuwar maigida, ko da mugu ne. Sun san bayan jana'iza masu ƙidaya za su zo, su rubuta sunan kowa da shekarunsa da kuɗinsa a shafi ɗaya da dawaki da tukwanen dafa sukari.

Da aka zo hana bautar ma, magada aka duba. Ingila ta yi dokarta a 1833, ta ware fam miliyan 20 ta biya masu bayi, su kuma bayin aka ce su ci gaba da yi wa iyayengijinsu aiki har 1838. Faransa ta hana a 1848, a shekarar da ta biyo ta yi dokar biyan masu gandu diyya. Haiti da ta ƙwaci kanta da jininta, a 1825 aka ɗora mata faran miliyan 150 don a biya waɗanda suka rasa gandayensu da magadansu. A Amurka an fara ba wasu ƴantattu eka 40 a 1865, kafin shekarar ta fita shugaba Andiru Jonsan ya sa aka mayar wa tsofaffin masu ita. Kusan ko'ina an saki mutum, an riƙe ƙasa. Har gobe a Martinik jikokin masu gandun nan, ƴan tsiraru, su ke riƙe da babban kaso na gonaki da kasuwanci.

Malam Edita, Hausawa sun ce laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ban kawo wannan dogon tarihi don mu zagi Turawa mu tashi ba.

Mu ma mun yi rinji. A ƙasar Kano da Sakkwato sarakuna da attajirai sun zaunar da bayi ƙauye guda suna nome musu gandu, a ba bawa ƴar gayauna ya nome wa kansa bayan an tashi, wani ya riƙa biyan murgu, wani ya tara kuɗin fansa. Idan maigida ya mutu, rinjin da mutanensa suna cikin abin da ake rabawa. Akwai bambanci, kuma gaskiya ce a faɗe shi: a shari'ar Musulunci ɗan da ƙwarƙwara ta haifa wa ubangijinta ɗa ne, yana gadon ubansa, ita ma tana samun ƴanci da mutuwarsa. Da wannan hukunci aka bi a Bajiniya, da ba a gaji Sali Hemings ba, da ita ma magajiya ce. Amma bambancin bai goge sauran ba. Ɗan bawa da baiwa a wurinmu ma bawa ne, kuma an gaje shi.

Faransawa sun hana bauta a yankinmu da takarda a 1905. Nijar ta mai da ita babban laifi a 2003, da ɗaurin shekara 10 zuwa 30, bayan gwagwarmayar ƙungiyar Timidria mai yaƙi da bauta, wadda aka kafa a 1991. Duk da haka a jiharmu ta Tawa ne aka sayar da Hadijatu Mani a 1996, tana ƴar shekara 12, a kan jaka 240 na sefa, aka kai ta gidan wani dattijo a yankin Ƙonni a matsayin wahaya, wato baiwar da ake ƙarawa a kan matan aure huɗu. An sayar da ita ne saboda ana ce wa uwarta baiwa, hujjar da Bajiniya ta rubuta a 1662 ke nan. Ko da mutumin ya ba ta takardar ƴanci a 2005, da ta auri wanda take so sai ya kai ta ƙara cewa matarsa ce, aka yanke mata ɗaurin wata shida. Sai a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, a zamanta na Yamai, ta ce gwamnati ta gaza kare ta, ta sa a biya ta sefa miliyan 10. A 2014 kotu a Birnin Ƙonni ta ɗaure wani shekara huɗu kan wahaya. Wannan ɓangare ya fara samun masu magana, alhamdu lillahi.

Ɓangaren da ba ya samun masu magana shi ne gona, kuma shi ya sa na ɗauki alƙalami. An taɓa kirana rabon gado a wani ƙauye na Adar da ba zan ambata ba. Mamacin babban mutum ne, ƴaƴansa yawanci suna Yamai. Da aka zo lissafin gonaki, babban ɗan ya ce in rubuta wata fadama da wasu gonakin tudu uku, ya ƙara da cewa suna hannun su wane, aro ne. Su wanen suna zaune a bakin tabarma, dattawa masu furfura, ba wanda ya ɗago kai. Kakanninsu bayin gidan ne. Su suka sare dajin, su suka kwashe duwatsun Adar da hannu suka jera su don tare ruwa, a nan aka binne iyayensu. Kowace kaka suna kai damin hatsi gidan mamacin, kuma wannan damin shi ne hujjar magada cewa gonar ba ta taɓa zama tasu ba. Na tambaya ko za a ji ta bakinsu. Aka ce mini ba a cikin gado suke ba. Haka ne, ba su cikin masu gado, amma duk wanda gonar ta faɗa wa ya gaji damin, ya gaji ikon cewa su tashi, ya gaji gaisuwar da suke yi a durƙushe. Ɗaya daga cikin magadan ma ya riga ya sami mai saye a birni.

Ba wanda ya rubuta sunan mutum da kuɗinsa a wannan takarda, kuma ba zan ce daidai take da ta Jefason ba. Amma ni da na karanta waccan, na kuma ga wannan da idona, ban iya cewa babu dangantaka.

Marigayi shugaban ƙasa Seyni Kunce ya taɓa taɓo wannan. A watan Disamba 1974 ya yi jawabi cewa duk gonar da mutum ke nomawa ta zauna a hannunsa, ko ta wace hanya ya same ta. Mutane da yawa sun daina kai dami a lokacin. Sai dai jawabi ne, kuma bayan rasuwarsa a 1987 masu da'awar asali suka dawo. Dokar karkara ta 1993 ta ba haƙƙin gargajiya kariya daidai da na takarda, abin da ya taimaki talakawa da yawa, ta kuma kawo kwamitocin ƙasa da muke kira Kofo. Amma a gargajiyance wa ake tambaya asalin gona? Mai gari da dattawan gidan da suka fara zama. Jikan bawa ba shi da kakan da za a ambata a matsayin mai sarar farko, ko da kakan nasa ne ya riƙe gatarin, domin a lokacin aikin hannunsa na ubangijinsa ne. Sai a ba magaji takardar shaidar mallaka, a ba manomi takardar aro, a buga hatimi. Abin da a da ake iya sasantawa da kunya da zumunci ya zama rubutacce.

Ina kira ga malamanmu, waɗanda nake girmamawa, domin su ake kira rabon gado kafin kowa. Su suka karantar da mu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wanda ya raya matacciyar ƙasa tasa ce. Su suka karantar da mu cewa cikin mutum uku da Allah zai yi husuma da su ranar ƙiyama akwai wanda ya sayar da ɗa ya ci kuɗinsa. Kafin a raba tumuni da sudusi, ai sai an tabbatar dukiyar ta mamaci ce. Ina roƙon malami ya tsaya a wannan gaɓa ya tambaya: wa ya sare wannan gona, kuma da wane matsayi? Ina roƙon hukuma ta sa doka a fili cewa iyalin da suka nome gona tun kakanni, kuma asalin zamansu a kanta bauta ce, ba za a tashe su ba, ba za a sayar da ita a bayan idonsu ba, a kuma buɗe musu hanyar samun takarda da sunansu. Na san magada ma suna da tasu damuwar. Gonaki sun ƙanƙance, ƴaƴa sun yi yawa, wani magajin shi kansa talaka ne da ke zuwa ci-rani. Ana iya raba gonar, ana iya biyan wani abu a hankali. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a yi zaman, masu noman suna bakin tabarma ba a tambaye su ba.

Kai kuma, Malam Edita, ina roƙon ka turo wakilinka yankin Ƙonni da Madawa da Illela da bazara, kafin ruwan shuka, lokacin da rigimar gona ke tashi. Ya zauna a zaman Kofo, ya duba takardun aro nawa ake bayarwa da su waye ke karɓa. Ya keɓe da masu kai dami ya ji ta bakinsu ba a gaban mai gari ba, ya kuma sakaya sunayensu, domin bayan ya koma Yamai su a ƙauyen za su kwana.

Wassalam.

Naka,
Tsohon malamin tarihi,
Tawa, Jamhuriyar Nijar