Ƙarambau da mace mai ciki: dan Allah a riƙa faɗa mana gaskiya a wajen awo

Assalamu alaikum Edita, da fatan kana lafiya da kai da ma'aikatanka. Ka ɗan ba ni fili in yi magana kan wani abu da ke damuna duk shekara in zafi ya shigo nan Gombe, wato ƙarambau. Daga ƙarshen sanyi zuwa bazara za ka ga yara a unguwa an shafe su da farin kalamin kamar an zuba musu gari, kuma kowa ya ɗauke shi ciwon yara ne, sati ɗaya ya wuce. Ga yawancin yara haka ne kam. Amma mace mai ciki wadda ba ta taɓa yin sa ba fa, ita nata lamarin daban ne, kuma wallahi mata da yawa ba su sani ba, har da masu karatun boko.

Cutar nan ta iska take bi, tari da atishawa da kuma ruwan ƙurajen, kuma yaro na iya sa wa wani tun kwana 1 zuwa 2 kafin ƙurajen su fito masa, har sai duk sun bushe sun yi ɓawo. In ta kama mutum tana yin kwana 10 zuwa 21 kafin ta bayyana. Zama ɗaki ɗaya na kamar minti 15 ma ya isa. To a gidajenmu na gandu da faccaloli da kishiyoyi ke tsakar gida ɗaya, yara na kwana ɗaki ɗaya, ina za a ɓuya? Ga dubiya kuma, an ce ɗan wance ba lafiya sai a ɗauki mayafi a tafi, a zauna bakin katifa a taɓa jikin yaron, wata ma ta goya shi. Ni ban ce a bar zumunci ba, Allah Ya kiyaye, amma mai ciki ta yi dubiyar ta waya mana, ba wanda zai ce ta yi laifi in an san dalili.

Sai dai nan ne matsalar take, an san dalilin? Mu ai ƙaramin ciki ɓoye shi muke yi, musamman na fari, kunya ba za ta bar amarya ta ce wa uwar miji “Hajiya ba zan iya jinyar yaron nan ba ina da ciki” ba, sai ta yi shiru ta ɗauki ruwan wanka ta yi masa. Alhali watannin farkon nan su ne ake jin tsoro saboda ɗan da ke ciki, in uwa ta kamu kafin sati 20 akwai yiwuwar jaririn ya zo da tabo a fata, ko hannu ko ƙafa bai girma daidai ba, ko matsalar ido da ƙwaƙwalwa. Ba kasafai yake faruwa ba, bai wuce kamar 2 cikin 100 ba, kada in tayar wa kowa hankali, amma wadda abin ya faɗa wa ba ruwanta da lissafi. Ita kanta uwar kuma, in cikin ya tsufa ƙarambau na iya sauka mata a huhu ya zama limoniya, numfashi ya gagara, wannan kam yana kisa. Sannan in ƙurajen suka fito mata kwana 5 kafin haihuwa zuwa kwana 2 bayan haihuwa jaririn na iya kamuwa da mai tsanani, don jikinta bai samu lokacin ba shi kariya ba. Ku tuna yadda ɗakin mai jego ke cika da 'yan barka har ranar suna, kowa da yaranta.

Akwai kuma ɗan'uwan ƙarambau da ya fi kama tsofaffi, wanda likitoci ke kira shingils, ƙuraje masu ruwa da ke fitowa gefe ɗaya na jiki kamar an ɗaura rabin ɗamara, da raɗaɗi kamar wuta. Wasu su ce ƙwaro ne ya yi wa mutum fitsari, wasu ma su tafi batun jifa. Ƙwayar ƙarambau ɗin ce dai da mutum ya yi tun yana yaro, ta kwanta a jijiya shekara da shekaru, in jiki ya yi rauni ta farka. Mai cikin da ba ta taɓa ƙarambau ba in ta taɓa ruwan ƙurajen nan wajen shafa wa kaka magani ko wankin zaninta, ƙarambau na iya kama ta. A rufe wurin da tsumma mai tsabta, a sa wani ya yi jinyar. Amma in ita mai cikin ce shingils ɗin ya fito wa, galibi ba ya taɓa jaririn, sai dai ta je a duba ta.

Wadda ta tabbata ta yi ƙarambau tana yarinya hankalinta ya kwanta, da wuya ya maimaita. Sai dai ki tambayi Inna da kyau, don sau da yawa ana haɗa shi da ƙyanda, kuma a ƙasashe masu zafi irin namu manya da yawa ba su taɓa yi ba. In ba ki tabbata ba kuma kin yi mu'amala da mai shi, kada ki jira ranar awo, ki je a ranar, ana gwajin jini a ga ko kina da kariya, akwai kuma magani asaikulobiya da likita kan bayar, in ƙuraje sun fito ya fi aiki cikin awa 24. Ki fara faɗa wa nas a bakin ƙofa kafin ki shiga layi ki zauna cikin sauran masu ciki. Banda sayen magani a kemis, banda jiƙo. Yaran ma kada a ba su asfirin, farasitamol ya isa.

Rigakafin ƙarambau akwai, amma ba ya cikin wanda gwamnati ke yi wa yara kyauta, kuma ba a yi wa mai ciki, sai dai kafin ciki a kuma jira wata 1. Don haka roƙona ga hukumar lafiya a matakin farko ta jihar Gombe da manyan asibitocinmu irin su Asibitin Koyarwa na Tarayya, a sa wannan tambaya cikin awon farko kamar yadda ake tambayar hawan jini da sikila, “kin taɓa ƙarambau?” Gidajen rediyo su ma su taimaka kafin zafi ya kankama. Maigida kuma tunda kai ka fara sanin akwai cikin, kai ya kamata ka samu Hajiya a gefe ka faɗa mata a ɗauke wa matarka jinyar, ita ba za ta iya buɗe baki ba.

Na gode Edita.

Daga wata mai karanta jaridarku, unguwar Bolari, Gombe.