Masu koyar da haɗa sabulu, ku fara da maganar soda

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, a ba ni ɗan fili in yi magana kan sana'ar da nake ci da ita, wato haɗa sabulu a gida, domin akwai abin da yake ci min tuwo a ƙwarya game da yadda ake koyar da ita yanzu.

Duk unguwar da ka shiga a Kano za ka samu an tara mata ana koya musu sabulun wanki da na wanka da na ruwa, ƙungiyoyi na yi, 'yan siyasa na yi da sunan tallafi, wasu kuma a WhatsApp suke koya, kuma wallahi abin alheri ne, mata da yawa da shi suke sayen littafin makaranta da cefane. Amma a kwana biyu ko uku a gama, a raba satifiket da ledar kemikal, a ce soda (wato caustic soda, sinadarin da ke mayar da mai sabulu) kaza, mai kaza, turare kaza, ba wanda zai tsaya ya ce musu wannan sodar da kuke gani kamar gishiri tana cin naman mutum.

Inda abin ya fi tayar min da hankali shi ne jiƙon soda. Yawancinmu an koya mana a jiƙa ta ta kwana ɗaya ko biyu kafin a haɗa da mai, to idan ta narke ta huce garau take, ba kala ba wari, ba ka bambanta ta da ruwan sha, sai a bar ta a bokiti a tsakar gida ko a juye ragowar a gorar ruwa ko ta lemo a tura ƙarƙashin gado, gida kuma cike da yara, ga zafin bazara yaro ya shigo da ƙishirwa. Kurɓa ɗaya ta isa. Tana ƙona baki da maƙogwaro da hanyar abinci, kuma abin tausayin sai a ga kamar yaron ya samu sauƙi, bayan wasu makonni wurin ya warke da tabo ya tsuke, abinci ya ƙi wucewa, wani ko yawu ba ya iya haɗiyewa, daga nan sai zaryar asibiti ana buɗa hanyar, wani ma sai tiyata ko a sa masa roba ta ciki a riƙa ba shi abinci. Ribar sabulun shekara goma ba za ta biya wannan ba.

Sannan idan tsautsayin ya faru abin da ake yi a gida yana ƙara ɓata lamarin. A ɗura wa yaro manja, a sa masa yatsa ya yi amai, wasu su ba shi lemon tsami ko ruwan kal wai ya kashe kaifin sodar. Don Allah a daina. Amai yana dawo da ita ta hanyar da ta riga ta ƙona ta sake ƙonawa, tsami kuma in ya haɗu da soda zafi yake haifarwa. A kurkure masa baki, a ɗauke shi sai asibiti a lokacin, a tafi da ledar ko gorar likita ya gani. In a fata ta zuba a cire kayan da suka jiƙe a yi ta kwarara ruwa na minti 15 zuwa 20, in ido ne haka nan a buɗe shi a yi ta zuba ruwa sannan a garzaya asibiti ko da ya daina zafi.

Wajen aikin ma akwai ƙa'ida. Soda ake zubawa cikin ruwa kaɗan-kaɗan ana juyawa, ba a zuba ruwa a kan soda, don tana ɗaukar zafi har ta kusa tafasa ta yi tsartuwa a fuska. A yi a fili inda iska ke kaɗawa, kar a sunkuya kan tururin, kuma ba da goyo a baya ba. Safar hannu ta roba, tabarau mai rufe ido, riga mai dogon hannu, takalmi rufaffe. Tukunyar alminiyam kuwa ko kusa, soda tana cin ta tana fitar da iskar gas mai kama wuta, roba mai kauri ko silba ta gaske wadda ba ta tsatsa (stainless steel) ake amfani da ita, kuma bokiti da muciyar sabulu ba sa komawa kicin.

Awo ma a bar gwangwanin madara a sayi sikeli, kowane mai da sodarsa, kilo 1 na manja wajen giram 140 yake ci, man kaɗe bai kai haka ba, man kwakwa kuma ya fi, in soda ta yi yawa shi ne za ka sayi wani sabulun ya zazzage maka hannu. Na sanda kuma a bar shi ya sha iska sati 4 zuwa 6 kafin a kai kasuwa.

Roƙona ga masu shirya horon nan, ranar farko gaba ɗaya a ba wa soda, kuma cikin kayan da ake rabawa a sa safar hannu da tabarau da bokiti mai murfi. Masu sayar da kemikal a Sabon Gari da sauran kasuwanni, ku daina ƙulla ta a farar leda ba rubutu, ku sa jan tambari da gargaɗi da Hausa, har da ajami don iyayenmu da ba su yi boko ba. NAFDAC da gidajen rediyo su taimaka da faɗakarwa. Ku kuma maigida, ku nema wa matanku akwati ko ɗaki mai kwaɗo da za a riƙa kulle jiƙon nan har a gama aiki.

Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarku albarka.

Wata mai sana'ar sabulu,
daga Kano