Kuɗi mai wutsiya

Assalamu alaikum mutumina,

Ya kake, ya sanyin can? Da fatan kai da iyali kuna lafiya. Nan Kano hunturu ya shigo, da safe sai ka ga Dala kamar an lulluɓe ta da mayafi. Na ga saƙonka cewa ka fara koyon Python, harshen rubuta manhajar kwamfuta, kuma kana neman 'yan dabaru. To, abin da ya ci ni shi zan gaya maka.

Ka tuna manhajar lissafin da na rubuta wa Kawu don shagonsa na Kantin Kwari? Ran nan bayan Magariba ya kira ni, ransa a ɓace: "Kai yaro, wane irin kuɗi ne wannan mai wutsiya?" Ashe rasit ce ta fito da kuɗin yadin shadda, bayan ɗigo sifili sun yi jerin gwano, can ƙarshe ga wata lamba ta maƙale. Mutumin da ya shekara talatin yana lissafi da ka, ba ka isa ka ce masa wannan ba komai ba ne. Laifina ne, na ajiye kuɗi a lamba mai ɗigo. Gwada da kanka: rubuta 0.1 + 0.2, zai ba ka 0.30000000000000004. Da sifili da ɗaya kwamfuta take ƙirga, kuma a wannan lissafin kashi ɗaya cikin goma ba ya ƙarewa, kamar yadda kashi ɗaya cikin uku ba ya ƙarewa a namu. Yanzu kowane kuɗi a kobo nake ajiye shi, cikakkiyar lamba: naira 1,500 ta zama 150000, sai wajen bugawa in raba da 100. Kobon da rabon da a gan shi a kasuwa har an manta, shi ya fitar da ni kunya. Akwai kuma Decimal a cikin Python ɗin, wato nau'in lamba mai ɗigo da ke lissafi irin namu, in ka fi son sa.

Sai haruffanmu masu ƙugiya. Na buɗe fayil ɗin sunayen masu bashi a kan Windows, duk inda ɗ ko ƙ take sai wasu tarkacen alamu kamar rubutun aljanu. Duk sanda za ka buɗe fayil, saka encoding="utf-8", wato tsarin karanta haruffa da ya san namu, kada ka bar wa kwamfuta zaɓi.

Sauran ƙanana ne. Sanya wa kowane abu sunan da ke faɗin aikinsa, kudin_yadi ya fi x, domin bayan wata shida kai kanka baƙo ne a wurin abin da ka rubuta. In kana bin jeri kuma kana son lambar kowane abu, umarnin enumerate ya isa, shi zai ƙirga maka, ba sai ka yi ta ƙara ɗaya da hannu ba. Haɗa rubutu da lamba kuwa, f-string, wato rubutun da ake fara shi da harafin f a cusa lambar a cikinsa, ya sauƙaƙa shi tun fitowar Python 3.6 a 2016.

Git kuma, manhajar da ke adana tarihin duk gyaran da ka yi, ka koye shi tun yanzu. Sau biyu ina dagula manhajar Kawu da gyara, shi ya mayar da ni inda nake jiya. Ni kam ko layi goma na rubuta suka yi aiki, sai na adana su a Git kafin in tashi salla.

Kawu yana gaishe ka, ya ce yaushe za ka zo ka karɓi shaddarka? Turo min abin da ka rubuta in duba, kada ka ji kunya. Ka gaida madam da yara.

Naka,
abokinka na Kano