Amsa ga ƙanena da ya tambaye ni kan Kemi Adeosun

Salam ƙanena. Na ga tambayarka a ƙasan rubutuna na Facebook, wai tunda kotu ta wanke tsohuwar ministar kuɗi Kemi Adeosun kan batun bautar ƙasa ashe zaluntarta aka yi kenan, kuma me ya sa ni da nake zaune Abuja ban taɓa fitowa na faɗi haka ba. To tunda a bainar jama'a ka tambaya bari in amsa a nan.

Matar nan ta san aikinta, wannan ba gardama. A Landan aka haife ta, can ta yi karatu, ta riƙe kwamishinar kuɗi a Ogun zamanin Gwamna Amosun daga 2011, Buhari ya ɗauko ta ya ba ta ma'aikatar kuɗi a Nuwamba 2015 daidai lokacin da farashin mai ya faɗi warwas, 2016 tattalin arziki ya durƙushe kowa ya ji a jikinsa. A hannunta aka fito da tsarin nan na ka tona asirin ɓarawon gwamnati a ba ka lada, har muna tsokanar juna a ofis wa zai fara tona wa.

Sai Yulin 2018 jaridar Premium Times ta fasa ƙwai, cewa takardar yafe bautar ƙasa da take riƙe da ita ta bogi ce. Ai wanda ya haura 30 kafin ya gama jami'a shi ake yafe wa, ita kuwa tana da 22 ta gama. Sama da wata biyu gwamnati ta yi gum kamar an aiko mata da mutuwa, sai 14 ga Satumba ta ajiye aiki, Zainab Shamsuna ta karɓa.

Yanzu ga inda ka zame ƙanena. Hukuncin babbar kotun tarayya na 2021 cewa ya yi bautar ƙasar ba ta hau kanta ba tun asali, saboda lokacin da ta gama karatu ba a lissafa ta ƴar Najeriya a tsarin mulkin wancan lokaci. Bai ce takardar ta gaske ba ce. Ita ma da kanta a wasiƙar murabus ta yarda ba ta gaske ba ce, ta ce wasu da ta amince da su ne suka nemo mata. Wato takardar da ba ta ma buƙata ita ta ci kujerarta, don kawai an bi ta hanyar "akwai wanda na sani zai fito miki da ita".

Murabus ɗin na yaba mata wallahi, a garin nan sai dai a ɓamɓare mutum daga kujera. Amma kalmar zalunci ce ba za ta fita bakina ba, kuma ina da dalili. A wurin aikinmu an taɓa yin tantancewa, wani yaro da muke zama ɗaki ɗaya aka riƙe takardarsa ta bautar ƙasa aka ɗaga ta sama ana duba lambar, shi ma wani ne ya karɓi kuɗinsa ya kawo masa. Ranar ko kofin shayinsa bai tsaya ɗauka ba, babu wasiƙar godiya babu lauya, matarsa na da tsohon ciki. Yanzu POS yake yi a Mararaba ƙarƙashin lema. Duk ran da ka shigo Abuja ka kira ni in kai ka wurinsa, sai ka yi masa bayanin hukuncin kotun da bakinka.