Wasiƙar ƙorafi zuwa ga kamfanin da ke aiko mana da tsutsar ciyar da tsuntsaye a Damagaram

Ranka ya daɗe shugaban kamfani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu masu kiwon tsuntsaye da ƙananan dabbobin gida ne a nan Damagaram, da ke sayen tsutsa mai rai a hannunku daga Yamai. Mun fito fili da wannan magana ne saboda ƙorafin da aka yi ta aika muku ta waya bai samu amsa ba, kuma asarar ba tamu kaɗai ba ce. Duk wanda ya bi umarnin da kuke mannawa a jikin robarku, da hannunsa zai kashe kayan da ya saya.

Iri biyu kuke sayarwa, amma takarda ɗaya kuke manna musu, mai cewa a saka a firiji da zarar kaya sun iso. Wannan ya dace da ƙaramar tsutsar dusa, Tenebrio molitor, wadda tsawonta bai cika wuce santimita 3 ba. Ita kam tana jure sanyi. Tsakanin digiri 7 da 10 sai ta lafa, ta daina ci, ta daina girma, ta yi makonni ba ta rikiɗe ta zama ƙwaro ba. Babbar kuwa, moriyo, Zophobas morio, mai kaiwa santimita 5 zuwa 6, asalinta ƙasashen zafi ne na Amurka ta Tsakiya da ta Kudu, ba ta san barcin sanyi ba. In ta daɗe a firiji mutuwa take yi. Sai mutum ya fito da ita ta saki jiki, yana jiran ta ji ɗumi ta farfaɗo, kashegari ya tarar ta yi baƙi tana wari. Wurinta ɗaki ne mai digiri 21 zuwa 27. Ba ta ma buƙatar sanyi don a tsayar da ita, domin muddin suna cunkushe suna gogar juna ba sa rikiɗewa, sai an ware guda ita kaɗai cikin duhu sannan take naɗewa. Wannan shi ne abu na farko da mai kiwon tsutsa ke koya, kuma abin takaici ne a ce kamfanin da sana'arsa ke nan bai rubuta shi ba.

Ko ƙaramar ma, bayaninku bai cika ba. Can cikin firijin gida sanyi yakan sauka digiri 4 ko ƙasa da haka, ya yi mata yawa in ta daɗe, don haka jikin ƙofa ko aljihun kayan miya ne wurinta. Sau ɗaya a mako a fito da ita ta yini ta kwana a ɗaki, a ba ta yankan karas ta samu ruwa, a cire abin da ya rage kafin a mayar. Murfin kuma dole ya kasance da huji. Kun san yadda wuta ke ɗaukewa. Firiji ya huce ya sake sanyi, rufaffiyar roba ta yi gumi daga ciki, dusa ta jiƙe, fumfuna ta hau.

Sai batun hanya, wanda ya fi ci mana rai. Daga Yamai zuwa Damagaram kusan kilomita 900 ne, yini guda cur a mota. Kuna cika roba maƙil da tsutsa, ku rufe ba huji, ku naɗe da salatif, a jefa ta ƙarƙashin bas tare da buhuna. A Afrilu da Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40 a inuwa, balle cikin ƙarfe a kan kwalta. Tsutsa kuma in ta taru tana haifar da nata zafin: sa hannu cikin tsibinta ka ji ɗumi. Da zafi ya wuce digiri 35 ta shiga wahala, in babu iska kuma abin ya zo da sauri. Shi ya sa in an buɗe murfi wari ke fara marabtar mutum, na sama suna ɗan motsi, na ƙasa sun yi baƙi sun manne da juna. Wakilinku yakan ce saɓa ce suka yi. Wadda ta yi saɓa fara ce sol, mai laushi, tana motsi, kuma busasshiyar fatarta tana nan a saman dusa. Baƙa mushe ce, ba a ba tsuntsu.

Gyaran ba shi da tsada. A zuba su a jakar ƙyalle mai shan iska tare da dunƙulallun takardu ko guntayen kwalin ƙwai don su watsu kada su yi tsibi, a sa jakar cikin kwali mai huji ta kowane gefe, a rubuta a kai cewa kaya masu rai ne. Moriyo a raba ta da ƙaramar, a sa mata yankan dankalin turawa, domin in ta rasa ruwa ƴar uwarta take ci, kuma haƙoranta suna huda leda. A bazara a rage yawan da ke cikin kowane ƙunshi, a sanar da mai kaya lokacin isowar mota don kada kwali ya yini a rana a tasha.

Dusar da kuke haɗowa da ita ma akwai magana. Sau da yawa tana zuwa da ƙananan ƙwarin nan farare masu kama da ƙura mai motsi a bangon roba, alamar an ajiye ta wuri mai laima. In suka shiga ɗakin ajiya, fitar da su aiki ne, musamman a Agusta da iska ke da danshi. Dusar alkama ce ta fi dacewa, a fara saka ta a firiza na wasu kwanaki ko a shanya ta a rana mai ƙarfi. Dusar gero ta surfe tana yi in babu waccan, amma da damshinta take fitowa daga turmi, sai ta bushe ƙarau. Hatsin da aka sa wa maganin ƙwari na ajiya kuwa, dusarsa ba ta kusantar tsutsa ko kaɗan.

Takardar da ta dace da mai saye a nan ya kamata ta faɗi ma'auni. Rabin kilo na ƙaramar tsutsa yana son roba mai santsin bango, kamar santimita 40 a 30, da dusa mai zurfin santimita 5 zuwa 8, a bar aƙalla santimita 10 daga saman dusa zuwa baki. Karas a canza shi kafin ya kwana biyu. Tumatir da kankana ba sa shiga, ruwansu ya yi yawa. A riƙa tankaɗe kashinsu da rariya, a tsince matattu kullum. Moriyo a bazara tana son ƙasan ɗakin laka, ko a ɗora robarta kan jiƙaƙƙen yashi kusa da randa ba tare da ruwa ya taɓa dusar ba. A daren hunturu na Disamba da Janairu kuma a shigar da ita ɗakin kwana, a nesa da ƙofa. Haka nan a gaya wa mutane gaskiya cewa tsutsa tana da mai da yawa, sinadarin ƙarfafa ƙashi kaɗan. Ba ta zama abincin tsuntsu ita kaɗai, kuma ana barbaɗa mata garin ɓawon ƙwai kafin a ba ƴaƴan makwarwa ko na ɗawisu.

Muna roƙon ku janye waccan takarda tun yanzu, ku buga biyu, kowane iri da tasa, da Hausa da Faransanci, da ranar da aka ɗaure kaya. Kayan da suka iso a mace kuma a mayar da kuɗi ko a sake aikowa, in mai saye ya turo hoto a ranar da ya karɓa. Har zuwa lokacin da za mu ga an gyara ƙunshi, ba za mu yi odar moriyo a watannin zafi ba, kuma muna ba sauran masu kiwo shawarar kada su saka ta a firiji ko me takarda ta ce.

Muna jiran amsarku a nan inda kowa zai gani. Mu huta lafiya.

Mu ne,
masu kiwon tsuntsaye da ƙananan dabbobin gida na Damagaram